Littafi ya ce −890, lissafina ya ba ni −802: ina kuskuren yake?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya tare da iyali. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a wata sakandare a Jega, ina shirin WAEC. Abu uku ne suka ɗaure mini kai a kemistiri. An ba mu aikin gida mu lissafa zafin da ke fita idan metan ya ƙone, ta hanyar ƙarfin ɗauri, wato makamashin da ake bukata don tsinka ɗaurin da ke haɗa atom biyu. Na yi na samu −802 kilojul a kowane mol, amma teburin da ke bayan littafi ya ce −890, na sake bin lissafin ban ga inda na kauce ba. Na biyu, wani lokaci a ce a debe na dama daga na hagu, wani lokaci a ce na hagu za a debe daga na dama, har na rasa wanne ne wanne. Na uku, malamin bayoloji ya ce idan ɗaurin ATP (sinadarin da ke ɗaukar makamashi a ƙwayoyin jiki) ya tsinke makamashi ke fita, shi kuma malamin kemistiri ya ce tsinka ɗauri cin makamashi yake yi. Wa za mu bi? Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Amin, na gode. Kwantar da hankalinki: lissafinki daidai ne, littafin ma bai yi ƙarya ba. Amma bari mu fara da tambayarki ta uku, don ita ce uwar sauran biyun.

Tsinka ɗauri tsakanin atom biyu ba ya taɓa fitar da makamashi. Kullum sai an biya. Ƙulla ɗauri shi ke fitar da makamashi, kuma kullum. Babu ɗauri ɗaya a duk kemistiri da ya fita daga wannan ƙa'ida.

Dalili yana cikin abin da ɗaurin yake. Ɗauki atom biyu na haidurojin. Kowanne yana da cibiya mai caji na tarawa da elektaron ɗaya mai caji na debewa. Idan suka kusanci juna, kowace cibiya sai ta fara jan elektaron ɗin ɗan'uwanta tare da nata, elektaron biyun su taru a tsakani, su riƙe cibiyoyin biyu. Idan cibiyoyin suka matsu da yawa sai su tunkuɗe juna, don haka suke tsayawa a wani tazara da ya fi musu sauƙi, wanda a haidurojin pikomita 74 ne. A wannan zaman, makamashinsu ya yi ƙasa da lokacin da suke rabe, kuma rarar ta fita waje a matsayin zafi: kilojul 436 a kowane mol (mol shi ne ma'aunin da ake ƙirga yawan atom ko molekul da shi). In kina son ki raba su, dole ki mayar musu da wannan 436 ɗin cif. Wannan shi ne ɗaurin tarayya, wanda Ba'amurke Gilbert Lewis ya bayyana a 1916 da cewa atom biyu ne ke tarayya a kan elektaron biyu.

A aji ana yawan cewa atom yana "son" ya cika elektaron takwas a zagayensa na waje. Wannan hanya ce mai kyau ta zana tsarin ɗauri, amma ba ita ce dalili ba, kuma gishirin da ke cikin miyarku ya isa shaida. Ana cewa sodiyam yana ɗokin bayar da elektaron ɗinsa ɗaya. To cire wannan elektaron daga mol ɗaya na atom ɗin sodiyam yana cin kilojul 496, shi kuwa kulorin da ya karɓa 349 kawai yake fitarwa. Da a nan maganar ta tsaya, da asara ce, da gishiri bai samu ba. Abin da ya cike gurbin har ya bar rara shi ne lokacin da ayon ɗin sodiyam da na kulorin, wato atom ɗinsu da suka samu caji, suka jeru bi da bi suka zama ƙwayar gishiri, kowanne kewaye da shida na ɗaya ɓangaren. Wannan jeruwa tana fitar da kusan kilojul 787 a kowane mol. Shi ya sa gishiri ba ya narkewa da wuta sai an kai digiri 801. A ƙarfe kuma elektaron na waje ba na kowa ba ne, yawo suke a tsakanin dukkan atom ɗin, abin da ya sa waya ke ɗaukar lantarki kuma maƙeri ke iya lanƙwasa ƙarfe bai farfashe ba. Iri uku ne na ɗauri, amma dalilinsu ɗaya: haɗuwa ta fi rabuwa ƙarancin makamashi.

To malamin bayoloji fa? Gajarce zance ya yi. ATP ba ya tsinkewa shi kaɗai a sarari. Da ruwa yake haɗuwa. Ana tsinka wasu ɗauri, wanda ke cin makamashi, sannan a ƙulla sababbi, kuma gutsattsarin da suka fito suna samun zama mafi sauƙi a cikin ruwan jiki. Idan aka haɗa duka, abin da ya fita ya fi abin da aka zuba. A jarrabawar bayoloji in kin rubuta cewa rushewar ATP tana samar da makamashi, za ki ci makinki, don ana nufin sauyin gaba ɗayansa ne. A kemistiri kuwa kada ki kuskura ki rubuta cewa tsinka ɗauri yana fitar da zafi.

Ki ɗauke shi kamar noman rani a fadamar Argungu. Manomi sai ya fara kashewa: iri, taki, man injin ban ruwa. Daga baya ya girbe ya sayar. Tsinka ɗauri shi ne kashewar, ƙulla sababbi shi ne girbin, kuma ba a sanin matsayin gona sai an haɗa biyun. Ashanar da kike ƙyastawa kafin gas ya kama ita ce ɗan jarin farko. Da zarar ɗaurin farko sun tsinke sababbi sun ƙullu, zafin da ya fito shi ke biyan na gaba, wuta ta ci gaba da ci da kanta.

Abin da muke kira ΔH, wato canjin entalfi, shi ne zafin da ya shiga ko ya fita yayin sauyi idan matsin iska bai canza ba, kamar a buɗaɗɗiyar tukunya. Ana duba shi ne daga ɓangaren sinadaran, ba daga ɓangarenki ba. In zafi ya bar su ya zo wurinki, sun ragu, sai a sa alamar debewa. In sun sha zafi daga kewaye, sai a sa alamar tarawa. Zuba takin yuriya cikin kofin ruwa ki motsa, ki riƙe kofin: za ki ji ya yi sanyi a tafin hannunki. Narkewar tana shan kimanin kilojul 15 a kowane mol, kuma daga ruwan da hannunki take ɗauka. ΔH ɗinta na tarawa ne, duk da ke sanyi kika ji.

Yanzu ga aikin gidanki:

CH₄ + 2O₂ → CO₂ + 2H₂O

A hagu akwai ɗaurin C–H guda huɗu, kowanne 413, ya zama 1652. Akwai O=O guda biyu, kowanne 498, ya zama 996. Kuɗin tsinkawa ke nan: 2648. A dama, CO₂ yana da C=O guda biyu, kowanne 799, ya zama 1598. Ruwa mol biyu ne, kowanne da O–H biyu, wato huɗu ke nan sau 463, ya zama 1852. Abin da ƙullawa ta fitar: 3450.

ΔH = 2648 − 3450 = −802 kilojul a kowane mol na metan.

Abin da kika samu ke nan, kuma na tabbata da waɗannan alkaluma kika yi aiki. To ina 88 ɗin da ya rage ya shiga?

Yana cikin ruwan. Teburin ƙarfin ɗauri ana gina shi ne a kan sinadarai a yanayin iska, inda kowace molekul take ita kaɗai. Don haka amsar da zai ba ki ta ruwan da ya fito a matsayin tururi ce. Shi kuwa −890 na littafi an auna shi ne bisa ma'aunin da aka amince da shi, digiri 25 da matsin iska na yau da kullum, inda ruwan ya koma ruwa sosai. Tururi idan zai koma ruwa yana sakin kilojul 44 a kowane mol, saboda molekul ɗin ruwa suna kama juna da ɗaurin haidurojin, kuma ko wannan ɗan raunanan ɗauri idan ya ƙullu zafi yake fitarwa. Mol biyu gare ki, 44 sau biyu 88. Ƙara shi a kan 802, ga 890.

Kina iya ganin wannan da idonki. Ɗora tukunyar ruwan randa mai sanyi a kan murhun gas, ki duba gefenta daga ƙasa a daƙiƙun farko. Za ki ga raɓa ta lulluɓe ta, har wani lokaci ɗigo ya gangaro. Ba yoyo tukunyar take ba. Ruwan da harshen wuta ya haifa ne ya taɓa ƙarfe mai sanyi ya koma ruwa, kuma a wannan ɗan lokaci tukunyar tana samun ƙarin zafin nan. Da ta ɗumama sai raɓar ta ɓace, tururin ya riƙa wucewa da rabonsa. Gas ɗin silinda dai ba metan ba ne, butan ne da furofan, amma su ma ruwa da CO₂ suke haifarwa. Metan kuwa kina da shi kusa: shi ne kumfar da ke tasowa daga taɓon gonar shinkafa da ruwa ya kwanta a kai, kuma shi ake samu idan kashin shanu ya ruɓe inda iska ba ta shiga.

Saboda haka ɗan harafin da ake sakawa bayan fomula ba ado ba ne. H₂O(g) tururi ne, H₂O(l) ruwa ne, kuma tsakaninsu akwai 44. Ni a ganina rabin makin da ɗalibai ke zubarwa a wannan babi daga rashin duban wannan harafi ne.

Sai dai kada wannan dacewa ta −802 ta ruɗe ki ki ɗauka hanyar ƙarfin ɗauri kullum tana faɗawa daidai. Yawancin alkaluman teburin matsakaita ne. Cire haidurojin na farko daga molekul ɗin ruwa yana cin kusan 498, cire na biyu kusan 428. Aka haɗa aka raba biyu aka rubuta 463. Ɗaurin C=O ma ba ɗaya ba ne ko'ina: a cikin CO₂ kusan 799 ne, amma a sauran sinadaran kabon wajen 745 yake. Da kin ɗauki 745 a lissafin metan, da kin samu −694, kin kauce da fiye da ɗari. Littattafai kuma suna ɗan saɓa wa juna, wani ya ba ki 412 da 496 da 805, amsarsa ta fito −822. Duk wanda aka ba ki a takardar tambaya, da shi za ki yi aiki, kada ki kawo wanda kika haddace. Inda hanyar ke zuwa dab da gaskiya shi ne ƙananan molekul masu atom biyu, don alkalumansu ba matsakaita ba ne. H₂ + Cl₂ → 2HCl: 436 da 242 sun ba da 678, sai 431 sau biyu 862, amsa −184, kuma abin da aka auna −184.6 ne.

Mu koma tambayarki ta biyu, wadda ta fi sauran daɗin bayani.

Ba ƙa'idoji biyu ba ne. Ɗaya ce, kuma sunanta dokar Hess. Germain Hess, haifaffen Janiba ta ƙasar Suwizalan da ya yi aikinsa a birnin San Fitasbag na Rasha, ya wallafa a 1840 cewa jimillar zafin sauyi ba ta damu da hanyar da aka bi ba. Mafari da maƙura kawai take dubawa. Wannan ya ba mu damar ƙirƙiro hanya a kan takarda, ko da sinadaran ba ta nan suke bi ba. Kuma hanyar kullum iri ɗaya ce: a rushe kayan hagu, a gina kayan dama. Bambancin teburan biyu shi ne wane aiki alkalumansu suke faɗa.

Teburin ƙarfin ɗauri farashin rushewa yake ba ki, a rushe har zuwa atom ɗai-ɗai. Kayan hagu rushe su kike yi, don haka sai ki ɗauki alkaluman yadda suke. Kayan dama gina su kike yi, akasin abin da teburin ya faɗa, sai ki juya alama. Shi ya ba da hagu a debe dama.

Teburin entalfin samuwa kuwa farashin ginawa yake ba ki: zafin da ke shiga ko fita idan aka gina mol ɗaya na sinadari daga tushensa, kamar kabon a siffar girafait da iskar oksijin da iskar haidurojin. Yanzu kayan dama ne suka dace da teburin, sai a ɗauke su yadda suke, kayan hagu da ake rushewa su za a juya wa alama. Shi ya ba da dama a debe hagu. In kin tsaya kin tambayi kanki ko teburin da ke gabanki na rushewa ne ko na ginawa, ba ki bukatar haddar wanne ake debewa.

Gwada da metan ɗin. Entalfin samuwar CO₂ −393.5 ne, na ruwa −285.8, na metan −74.8. Na oksijin sifili ne, don shi kansa tushe ne, ba a gina shi daga komai ba. Dama: −393.5 da −571.6 sun zama −965.1. Debe −74.8, wato ƙara 74.8, ya ba da −890.3. Ga amsar littafinki. Canza ruwan zuwa tururi, wanda nasa −241.8 ne, ki sake: −393.5 da −483.6 da 74.8, amsa −802.3. Ga taki. Ki kula da debe abin da ke da alamar debewa. Sa kowane alkalami a baka tare da alamarsa kafin ki taɓa kalkuleta.

Amfanin dokar Hess ya fi fitowa a sauyin da ba ya aunuwa kai tsaye. Ba wanda zai iya ƙona gawayi ya tsayar da shi a CO (kabon monoksaid) kaɗai, dole wani ya zarce zuwa CO₂. Amma ana iya auna ƙonewar kabon zuwa CO₂, −393.5, da ƙonewar CO zuwa CO₂, −283.0. Matakin farko shi ne bambancinsu: −110.5. Ki lura da abin da alkaluman ke cewa. Kason gawayin da ya tsaya a CO don rashin isasshiyar iska ƙasa da sulusin zafinsa yake bayarwa, sauran yana tafiya cikin CO, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana hana jini ɗaukar oksijin. Wannan ne ke kashe mutane idan suka shiga ɗaki da kaskon wuta lokacin hunturu suka rufe ƙofa da taga, ko suka kwana da janareta a cikin gida. Ki faɗa wa mutanen gida wannan ko da ba su tambaye ki lissafinsa ba.

Akwai kuma inda teburin ƙarfin ɗauri ba ya aiki sam, wato sinadarai masu tauri da ɗaurin ayon. Dutsen farar ƙasa da ake gasawa a masana'antar siminti, irin ta Kalambaina kusa da Sakkwato, ba molekul ɗai-ɗai ba ne balle ki ƙirga ɗaurinsa. Nan sai entalfin samuwa. CaCO₃ → CaO + CO₂: −635.1 da −393.5 sun zama −1028.6, a debe −1206.9, amsa +178.3. Alamar tarawa ce, kuma ita ke gaya miki dalilin da ya sa dole a yi ta hura wa tanderun wuta, har dutsen ya kai wajen digiri 900, in an daina kuma aikin ya tsaya.

Ga wanda za ki gwada da hannunki, tunda garinku garin noma ne. Yuriyar da ake zuba wa shinkafa da albasa daga amoniya ake yin ta, ita kuma amoniya daga naitirojin na iska da haidurojin, ta hanyar da Fritz Haber ya nuna a 1909, Carl Bosch ya mayar da ita masana'anta a Jamus a 1913. N₂ + 3H₂ → 2NH₃. Ɗaurin N≡N 945 ne, H–H 436, N–H 391. Ki zana kowace molekul kafin ki ƙirga. Amoniya mol biyu tana da N–H shida, ba uku ba. In kin yi daidai za ki samu −93, abin da aka auna kuma −92 ne. Wannan −92 na amoniya mol biyu ne kamar yadda aka rubuta lissafin. In an tambaye ki entalfin samuwar amoniya, na mol ɗaya ake nufi, −46. Ki kuma duba 945 ɗin nan da kyau. Sauyin yana fitar da zafi, amma ba ya faruwa da kansa a iska, saboda tsinka ɗauri uku na naitirojin yana da tsada ƙwarai. Shi ya sa shuka ke tsaye cikin iskar da kashi 78 cikin ɗari nata naitirojin ne amma ganyenta na yin rawaya don rashinsa, kuma shi ya sa masana'antar taki ke bukatar zafi da matsi mai yawa da ƙarfe mai hanzarta sauyi. ΔH yana faɗa miki inda aka tashi da inda aka sauka ne kawai, ba ya faɗin ko sauyin zai yi sauri.

Tunda WAEC na son tambayar awo, ga yadda ake samo irin waɗannan alkaluma a ɗakin gwaji. A haɗa cm³ 50 na asid ɗin HCl da cm³ 50 na alkalin NaOH, kowanne mol 1 a lita, cikin kofin roba mai riƙe zafi. A ce zafin ya tashi da digiri 6.8. Nauyin ruwan giram 100 ne, na duka biyun, ba 50 ba. Zafin da ya fita shi ne 100 × 4.2 × 6.8, wato jul 2856 (4.2 shi ne jul ɗin da ke ɗaga zafin giram ɗaya na ruwa da digiri ɗaya). Ruwan da aka haifa mol 0.05 ne. Raba 2.856 da 0.05, ki samu 57.1, kuma tunda zafi ya tashi sai ki sa alamar debewa da kanki, don kalkuleta ba zai sa miki ba: −57.1 kilojul a kowane mol. In a makarantarku kuka gwada kuka samu ƙasa da haka, kamar −52 ko −54, ba abin mamaki ba ne, wani zafin ya tsere ta bakin kofi da jikinsa kafin ku karanta ma'aunin.

Game da aikin gidan, ki miƙa −802 ɗinki yadda yake, ki rubuta a ƙasa cewa ruwan a yanayin tururi yake, sannan ki nuna 2 × 44 da ke kai shi −890. Allah Ya ba da sa'a a jarrabawa.